Sana'ar Hannu da Gwajin Kayan Aiki a Zangon Kwatano: Waiwaye a kan Tarihi

1.0 Gabatarwa

Idan ana koyar da sana'o'in gargajiya na Hausawa a darussan al'ada, yawanci akan jero su ne ɗaya bayan ɗaya: ƙira da saƙa da rini da jima da dukanci da ɗinki da sauransu. Akan kawo kayan aikin kowace sana'a da sarautarta da kirarinta, sai a wuce gaba. Wannan tsari yana da amfani ga mai haddar kalmomi, amma yakan bar ɗalibi da zaton cewa yadda aka gada haka ake yi, babu ragi babu ƙari. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Duk inda aka bi diddigin wata sana'a ta hannu, za a tarar da masu ita suna ta gwaje-gwaje: a sauya wannan abu da wancan, a aro dabarar maƙwabci, a jefar da abin da ya ƙi, a riƙe wanda ya karɓa.

Wannan maƙala za ta duba al'amarin ne ta fuskar wuri guda, wato unguwar Zango ta birnin Kwatano a Jamhuriyar Benin. An zaɓi wannan unguwa saboda ta yi nisa da inda kayan aikin Bahaushe suke tsirowa, kuma tana bakin teku inda kayan Turai da na Asiya suke sauka. Za a fara da tarihin kafuwar zangon, sannan a ɗauki sana'o'i huɗu: dukanci da rini da ɗinki da zubi. Daga ƙarshe za a dubi yadda ake koyon sana'a da abin da sauyin kayan aiki yake yi wa kalmomin harshe.

2.0 Zango da Kafuwarsa

Kalmar zango asalinta masaukin ayari ce, wato wurin da fatake suke sauke kaya su kwana, kuma tana nufin tsawon tafiyar yini guda. A ƙasashen Gana da Togo da Benin akan furta ta da zongo, kuma ma'anarta ta faɗaɗa ta zama unguwar baƙi Musulmi 'yan kasuwa. Mahdi Adamu (1978) da Paul Lovejoy (1980) sun yi bayanin yadda fataucin goro ya haifar da irin waɗannan unguwanni. A ƙarni na 18 da na 19 ayarin Gwanja yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Paraku da Jugu, kafin ya kai Salaga. Waɗannan garuruwa uku duka suna cikin arewacin Benin ta yau. Fataken sukan tafi da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu da takalma, su komo da goro. Madugu ba ya tafiya da 'yan kasuwa kaɗai. Akwai malami, akwai wanzami, akwai baduku mai gyaran kayan jakuna da mangala.

Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya rusa Salaga a 1892, sai harkar ta karkata zuwa bakin teku, inda jirgin ruwa ya fara ɗaukar goro zuwa Ikko. A daidai wannan lokaci ne Kwatano ta fara tashi. Da can ƙauyen masunta ne a ƙarƙashin sarakunan Dahomi. Faransa ta kafa hujja da yarjejeniyoyin 1868 da 1878 ta mallake shi, kuma rikici a kansa yana cikin abubuwan da suka jawo yaƙinta da Sarki Behanzin tsakanin 1890 da 1894. A wannan yaƙi Faransawa sun yi amfani da wata runduna da suka laƙaba wa sunan Hausawa, ko da yake ba dukkan dakarunta ne Hausawa ba. A farkon shekarun 1890 aka gina gadar ƙarfe ta sauke kaya daga jiragen ruwa. A 1900 aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa arewa, wadda ta isa Paraku a shekarun 1930. Tashar jiragen ruwa ta zamani kuwa an buɗe ta a 1965, ita ce ta zama babbar mashigar kayan Jamhuriyar Nijar, har Alhazan Maraɗi suka yi ƙarfi da ita kamar yadda Emmanuel Grégoire (1986) ya nuna.

Zangon Kwatano yana tsakiyar gari, ba nisa da tashar jirgin ƙasa da ta ruwa, kuma babban masallacinsa shi ne alamarsa. A tsarin mulki yana cikin gunduma ta biyar, inda ake da Zongo Nima da Zongo Ehuzu. Kalmar ehuzu ta harshen Fon ce, tana nufin abu ya sauya, kuma ita ce taken juyin juya halin zamanin Mathieu Kérékou. Mazauna unguwar sun haɗa da Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa, Hausa kuma tana cikin manyan harsunan ciniki a tsakaninsu. A Lome an tashi zango daga tsakiyar gari a 1977 aka mayar da shi bayan gari. Na Kwatano ya ci gaba da zama kusa da kasuwa da tasha, abin da ya ba masu sana'a damar ganin kowane sabon kaya da ya sauka.

3.0 Jima da Dukanci

Shaida mafi daɗewa ta aikin fata irin na arewa a kudancin Benin ta girmi Kwatano kanta. A 1727 wani ɗan kasuwar bayi Baturen Ingila mai suna William Snelgrave ya ziyarci sansanin Sarki Agaja na Dahomi. A littafinsa na 1734 ya ba da labarin wasu mutane masu riguna da rawuna da takalma, waɗanda suka iya rubutu, suka fito daga can cikin ƙasa. Bai kira su Hausawa ba, ya kira su da sunan da mutanen gaɓar teku suke kiran Musulmi. Abin lura shi ne dalilin da ya bayar na darajar da sarki yake ba su: sun iya rina fatar akuya da ta tunkiya launi-launi, suna ɗinka wa dakarunsa jakunkunan harsashi da na albarushi. Ke nan tun farko baƙon arewa ya sami wurin zama ne ta hanyar juya dabararsa ga buƙatar mai gari. Wanda ya saba ɗinka gafaka da kube ya koma ɗinkin kayan bindiga.

Jimar gargajiya tana tafiya ne mataki-mataki. Akan jiƙa fata a ruwan toka don gashi ya saki, a kankare shi, a wanke, sannan a tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, wadda ita ce take hana fata ruɓewa. Bayan haka a shafa mata mai, a murza har ta yi laushi, a shanya. Launi kuwa kowanne da tushensa. Ja daga karan dafi yake fitowa, wato ɓawon karan wata irin dawa da ake haɗawa da ruwan toka ko kanwa. Baƙi, wanda ake kira kuloko, daga kashin maƙera ake haɗa shi, domin ƙarfe idan ya haɗu da ruwan bagaruwa da ke jikin fata sai ya yi baƙi. Rawaya daga saiwar rawaya ko gangamau, kore kuma daga garin tagulla. Fatar da ta fi suna ita ce ta jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda aka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce.

Kusan babu ɗaya daga cikin waɗannan kaya da yake na bakin teku. Bagaruwa itaciyar fadamun Sahel ce, jar akuya ma dabbar arewa ce. Daɗin daɗawa, Kwatano tana da damina biyu a shekara da ruwan sama da ya kai kimanin milimita 1,300, ga laima a iska kusan kullum. Fatar da za ta bushe cikin yini guda a hunturun Kano takan daɗe a nan, kuma ajiyayyiya takan yi fumfuna. Haka kuma mutanen kudu suna cin ganda ƙwarai, don haka ƙirgin saniya yakan tafi tukunya kafin ya kai majema. Waɗannan dalilai suka sa aikin ya rabu biyu: jima ta fi zama a arewa, baduku na bakin teku ya dogara da jemammiyar fata da ake kawo masa. Abin da ya rage a hannunsa shi ne yanka da ɗinki da ado, kuma a nan ne gwajinsa ya fi yawa. Tsohuwar tayar mota ta zama tafin takalmi. Gam na kanti ya rage yawan ɗinki. Garin rini na kamfani ya shiga wurin karan dafi, zaren roba ya shiga wurin tsinken fata. Bayan farin 1973 da na 1984, da mutanen Nijar da yawa suka gangaro biranen bakin teku, Buzaye da Hausawa masu aikin fata da azurfa sun sami sabbin masu saye a cikin baƙi 'yan yawon buɗe ido. Tumtum da jakar hannu da ɗamara suka fi kube da linzami kasuwa.

4.0 Rini

Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa rinannun tufafin da ake kai wa Tumbutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara. Wannan bunƙasa ita kanta 'yar gwaji ce. Philip Shea, wanda ya yi nazarin rinin ƙasar Kano a 1975, ya nuna cewa marina sun tashi daga rini a cikin manyan tukwanen ƙasa zuwa karofi mai zurfi da aka dalaye da laso. Laso kuwa siminti ne na gida, kuma daga cikin marina yake fitowa: akan kwashe katsi, wato laka da take kwanciya a gindin karofi, a ƙona shi, a haɗa da gashin dabba da ruwan dafara. Sharar aiki ta zama kayan gini, karofi ya ƙara girma, kuɗin rina kowane zane ya ragu.

Sirrin baba shi ne launinsa ba ya narkewa a ruwa. Sai an zuba shi da toka da katsi a karofi, an bar shi kwanaki yana ruɓa ana motsawa, kafin ya koma yanayin da zai shiga zare. Shi ya sa zane yake fitowa daga karofi kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Marini ba shi da ma'auni in ban da idonsa da hancinsa da harshensa: launin kumfa da wari da ɗanɗano su ne suke gaya masa ko ruwa ya nuna. Bayan rini sai mabuga, inda ake buga zane da shuni har ya ɗauki ƙyalli, irin na ɗan Kura da turkuɗi.

Wannan tsari bai dace da Kwatano ba. Garin yana zaune ne a kan yashi tsakanin teku da tafkin Nokuwe, ruwa yana kusa da saman ƙasa, kuma ambaliya ba baƙuwa ba ce. Ramin da ya kai gaba biyu ko uku ba zai tsaya a irin wannan ƙasa ba. Bugu da ƙari, Bahaushe ya tarar da wata al'adar rini a kudu. A ƙasar Yarabawa, har da Nago na Benin, mata ne suke rini, a cikin tukwane, da ganyen talaki maimakon baba, kuma suna fitar da zane ta hanyar ɗauri da ɗinki da shafa kullun rogo, abin da ake kira adire.

Sannan sai ga rinin kamfani. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baban da aka haɗa da sinadarai. Karɓarsa ba ta zo da sauƙi ba. Judith Byfield (2002) ta kawo labarin matan Abekuta, waɗanda suka fara amfani da kastik soda da rinin kamfani a shekarun 1920 da 1930. Da masu saye suka yi kukan zane yana ruɓewa kuma launi yana zuba, sai Alake Ademola ya hana amfani da su. Matan suka ƙi yarda, aka kafa kwamitin bincike a 1936, daga baya aka janye hanin. Darasin da ke ciki shi ne sabon kaya yana buƙatar sabon sani: sodar da ta yi yawa tana cin zare. A yau rinin biranen bakin teku na ganga ne da baho, da ruwan zafi da kastik soda da haidirosalfait, kuma aikin da karofi yake yi cikin kwanaki ana gama shi a yini guda, da kowane launi ake so. Zanen da aka fi rinawa shi ne shadda, wadda mafi tsadarta daga kamfanin Getzner na Ostiriya take zuwa, kuma a wannan fanni matan Bamako ne suka yi zarra. Sai dai bugu bai mutu ba. Har yanzu da itace ake buga shadda ta yi ƙyalli, ƙaro da sitati ne suka maye gurbin shuni. Farashin wannan sauƙi kuwa shi ne ƙunar hannu da tari ga marini, da gurɓataccen ruwa a kwata.

5.0 Ɗinki da Aikin Wuya

A cikin sana'o'in huɗu, ɗinki ne ya fi dacewa da zaman zango, domin allura da zare ba su da nauyi, kuma kowace salla da biki suna kawo aiki. Babbar riga ta ƙarni na 19 aikin mutane da yawa ce. Mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri, maɗinki ya harhaɗa, wani ya zana, wani ya cike. David Heathcote, wanda ya daɗe yana nazarin wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, ya lura da kusancin aikin da makarantar allo: sau da yawa malamai ne suke zana shi da alƙalami da tawada, almajirai su cike don neman abin kai. Kowane zane da sunansa: aska biyu, aska takwas, tambari, dagi, malum-malum. Riga ma da sunanta gwargwadon zarenta: saƙi, tsamiya, barage, kore.

Zaren kansa tarihin gwaji ne. Tsamiya siliki ne na gida da ake samu daga saƙar wata tsutsa da take yin gida a bishiya, sai a dafa shi da ruwan toka kafin a kaɗa. Alharini kuwa ragowar silikin masaƙun Turai ne da aka rina ja, aka ƙetaro da shi Sahara ta Tarabulus. Abin da wasu suka zubar shi ne ya zama adon sarakuna, kamar yadda Colleen Kriger ta bayyana a nazarinta na rigunan Daular Usmaniyya. A ƙarni na 20 zaren kanti na auduga da silikin kamfani suka shigo, masu launi iri-iri da kauri bai ɗaya, ƙyallen masaƙa mai faɗi ya kori ƙyallen saƙa siriri.

Babban sauyi shi ne na keke. Bayan keken ɗinki irin na Singer, sai wani keke na musamman da aka fara ƙerawa a Faransa a shekarun 1860, wanda aka sani da sunan Cornely. Yana yin ɗinkin sarƙa, kuma akwai mariƙi a ƙarƙashinsa da maɗinki yake juyawa allura ta bi duk inda yake so. Wannan keke ya bazu a ƙasashen renon Faransa, ya kuma zo da irin nasa zane mai lanƙwasa da zagaye, irin na Dakar da Bamako. Maɗinkin Zango ya sami kansa a mahaɗar salo uku: aska da tambari na ƙasar Hausa, agbada ta Yarabawa, da bubu na Senegal da Mali. Aikin da hannu yake ɗaukar watanni keke ya gama shi cikin kwanaki. Daga baya kuma aka sami injin da kwamfuta take sarrafawa, wanda yake maimaita zane ɗaya sau ɗari ba kuskure.

Aikin hannu bai ɓace ba, sai dai ya sauya hannu. Elisha Renne ta nuna yadda matan birnin Zariya suka shiga ɗinkin babbar riga, aikin da a da na maza ne, musamman tun daga shekarun 1980. Hula ma, irin su zanna da ƙube da damanga, har yanzu ta hannu ta fi daraja, kuma daga arewa ake kawo mafi yawanta. Siyasa da kuɗi su ma sun sa hannu. Rufe iyakar Nijeriya daga 1984 zuwa 1986, da karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, da sake rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kowannensu ya taɓa farashin yadi da zare da yawan masu saye. Gwanjo, wanda kasuwar Misebo ta yi suna da shi, ya janye talaka daga wurin tela. Maɗinkin da ya tsira shi ne wanda ya iya sauya kaya ba tare da ya zubar da kyan aiki ba.

6.0 Ƙira da Zubi

Hausawa sun raba ƙira biyu: ƙirar baƙi ta ƙarfe, da ƙirar fari ta azurfa da tagulla da farin ƙarfe. Mutanen Dahomi ma suna da nasu gwanayen, irin su zuriyar Hountondji ta Abome da suka yi wa sarakuna aikin azurfa da tagulla. Sabon abu da ƙarni na 20 ya kawo shi ne sanholo, wanda wasu suke kira goran ruwa. Emily Osborn (2009) ta bi tarihin zubin tukwanen sanholo, ta nuna cewa ya bazu a Afirka ta Yamma ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga Senegal, ta hannun matafiya masu koyo a wani gari su buɗe maƙera a wani. Ta haka ya kai Bamako da Yamai da Maraɗi da Kano da biranen bakin teku.

Abin da ya sa ya karɓu shi ne sanholo yana narkewa a zafin digiri 660, wanda gawayi da zugazugi suke iya kaiwa, alhali tsantsar ƙarfe sai ya wuce 1,500. Dabarar kuwa ita ce: a sami yashi mai ɗan laka a yayyafa masa ruwa, a ɗauki tsohuwar tukunya a matsayin uwa, a danƙare yashi ciki da wajenta a cikin akwati mai rabewa, a zare uwar a hankali, a mayar da akwatin, a zuba narkakken sanholo ta wata kafa. Idan yashi ya jiƙe da yawa, tururi zai huda tukunya. Idan ya bushe da yawa, zai rushe. Zugazugin fata ya ba da wuri ga fanka da ake juyawa da ƙafar keke. Kayan narkawa kuwa tarkace ne, kuma Kwatano ta wadata da shi, musamman tun shekarun 1990 da ta zama babbar mashigar tsofaffin motocin Turai.

A nan ma akwai abin tsoro. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano cewa darma tana fita daga jikinsu ta shiga abinci, saboda tarkacen da aka gauraya wajen narkawa. Darma kuwa guba ce, ta fi yi wa yara illa. Zaɓen abin da za a jefa a wuta ya zama wani ɓangare na gwaninta. Yana da kyau a ambata cewa wannan al'ada ta sarrafa tarkace ta haifar da masu fasaha da duniya ta sani, irin su Romuald Hazoumè, haifaffen Porto-Novo a 1962, wanda yake mayar da jarkokin fetur fuskoki. Shi da mai zubin tukunya kasuwar tarkace ɗaya suke shiga.

7.0 Koyo da Harshe

A ƙasar Hausa sana'a gado ce, yaro yana tashi ya ga ubansa yana yi. A zango kuwa maigida ne yake tsayawa a matsayin uba: ya sauki baƙo, ya ci da shi, ya haɗa shi da mai koya masa. A kudancin Benin an tarar da wani tsari daban, inda iyaye suke biyan kuɗin koyo na shekaru, a ƙarshe a yi bikin yaye mai cin kuɗi. A 2005 gwamnatin Benin ta kafa dokar ba masu koyon sana'a takardar shaida ta hukuma bayan jarrabawa. Yaron Zango na yau yana iya bin kowanne daga cikin hanyoyin uku, kuma kowace da harshenta: Hausa ko Dandanci a gida, Fon ko Yarabanci a kasuwa, Faransanci a takarda.

A nan ne abin ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye. Idan kayan aiki ya fita daga hannu, sunansa yakan bi shi. Yaron da ya koyi rini a ganga ba shi da dalilin sanin katsi ko laso ko karofi. Wanda ya buɗe ido da gam da garin rini ba zai san kuloko ba. Wasu kalmomin sukan tsira a cikin salon magana bayan an manta tushensu. Kowa ya san masu hannu da shuni su ne mawadata, amma ba kowa ne zai iya bayanin yadda shunin tsadaddiyar riga yake zama a hannun mai ita ba. Haka nan karin maganar da ke cewa in ba ƙira, me ya ci gawayi, ba ta da armashi ga wanda bai taɓa tsayawa a maƙera ba. A ɗaya ɓangaren, sabon kaya yana zuwa da sabuwar kalma, kuma iyakar mulkin mallaka tana raba su: abin da Bakano yake kira shadda, a ƙasashen Faransanci an fi jin bazan. Tela da gam da siminti duk baƙi ne da suka zama 'yan gida.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sana'o'i huɗu daga ƙasar Hausa zuwa bakin teku, ta nuna cewa kowace ta ɗauki hanya daban. Jima ta fi tsayawa a arewa saboda bagaruwa da iska, dukanci ya gangaro ya sauya kaya da masu saye. Karofi ya kasa zama a yashi, ganga ta karɓe shi, bugu ya rayu. Ɗinki ya rabu tsakanin hannu da keke da kwamfuta. Zubin sanholo kuwa sabon shiga ne da bai kai shekara ɗari ba, amma har an fara lissafa shi cikin sana'o'in gargajiya. A kowane mataki abubuwa uku ne suka yi hukunci: abin da ƙasa take bayarwa, abin da jirgi yake kawowa, da abin da mai saye zai iya biya. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma tarihin nan ya nuna cewa gwajin yana da riba yana da hasara, har ta lafiyar jiki.

Aikin da ya rage na ɗalibai ne. Duk wanda yake da mai sana'a a unguwarsu, ya kamata ya zauna da shi ya rubuta sunan kowane kayan aiki da kowane mataki, ya tambayi abin da ake amfani da shi a da, da abin da ya maye gurbinsa, da shekarar da aka sauya, da dalili. Idan aka tara irin wannan daga Kano da Maraɗi da Paraku da Kwatano aka kwatanta, za a sami abin da ƙamus zai ƙaru da shi, kuma za a san waɗanne kalmomi ne suka rage a bakin tsofaffi kaɗai.